Ɗingishin Hoto a Wasannin Kwamfuta: Musabbabinsa da Hanyoyin Magance Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Tashar Yari ko Hunƙuyi ko cikin garin Ikara da yamma, da wuya ya rasa cin karo da wani shago da matasa suka yi wa cincirindo, idanunsu a kan allo, ana fafatawa a wasan ƙwallon ƙafa na na'ura. Yawancin waɗannan shaguna da PlayStation suke aiki, amma akwai masu amfani da kwamfuta, musamman ɗalibai da ƙananan ma'aikata waɗanda suka sayo ta hannu daga kasuwannin Zariya ko Kano domin karatu da neman abinci, sannan su ɗan huta da ita idan dare ya yi. Kukan da aka fi ji daga bakin waɗannan mutane shi ne cewa hoton wasan yana ɗingishi: ɗan wasa ya ɗauko ƙwallo a guje, sai hoton ya cije, kafin ya saki har an zura masa ƙwallo a raga.

Ga mai shago, wannan asara ce a fili, domin yaran da suka biya kuɗinsu ba za su dawo gobe ba. Ga ɗalibi kuwa, shawarar da yakan samu ita ce ya sayar da kwamfutar ya sayi wadda ta fi ta ƙarfi, kuma sau da yawa kuɗin da zai cika na amfanin gonar shekara guda ne, na tumatir ko na rake. Abin takaici shi ne bayan an yi wannan ɗawainiya, wani lokaci sabuwar ma takan soma irin halin tsohuwar cikin 'yan watanni, domin an bar jaki ana dukan taiki. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa mai karatu yadda kwamfuta ke samar da hoto mai motsi, da abubuwan da ke rage mata hanzari, musamman a yanayi irin na Ikara da Maƙarfi da Kudan, da kuma yadda mutum zai gano inda matsalar take kafin ya kashe ko da kwabo.

Yadda hoto ke motsi

Da farko ya kamata mu fahimci cewa babu wani hoto da ke motsi a kan allo. Abin da ake yi shi ne a jero hotuna tsayayyu, kowane ya ɗan bambanta da na gabansa, a nuna su bi da bi da sauri har ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta ɗauke su a matsayin motsi guda. A shekarar 1878 wani mai ɗaukar hoto haifaffen Ingila, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a Palo Alto ta ƙasar Amurka, ya ɗauki doki yana gudu, domin a warware gardamar ko akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu ke barin ƙasa gaba ɗaya. Hotunan sun tabbatar da cewa akwai, kuma da aka nuna irinsu a jere da sauri sai aka ga doki yana gudu kamar a zahiri. A 1912 masanin halayyar ɗan Adam Max Wertheimer ya wallafa bincikensa a Jamus, inda ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ce ke cike giɓin da ke tsakanin hoto da hoto.

Idan hotunan ba su wuce kimanin 10 zuwa 12 a sakan guda ba, ido yana iya rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Finafinan da 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka fara nunawa a Faris a 1895 suna tafiya ne a kan hotuna kimanin 16 a sakan. Da aka shigo da fim mai magana a ƙarshen shekarun 1920 sai aka tsayar da 24. Talabijin irin wanda aka buɗe a Ibadan a 1959 da Kaduna a 1962 yana nuna cikakkun hotuna 25 ne a sakan, adadin da ya yi daidai da rabin bugun wutar lantarkinmu, wadda ke kai da komo sau 50 a sakan. Wannan adadi na hotuna a sakan guda shi ne masu sana'ar ke taƙaitawa da haruffa uku, FPS.

Mai karatu na iya tambaya: tun da 24 sun wadatar da fim, me ya sa mai wasan kwamfuta ke neman 60? Dalilai uku ne. Na farko, kyamarar fim takan bar ɗan dishi-dishi a jikin abin da ke gudu, wanda ke haɗe hoto da na bayansa, alhali hoton kwamfuta yakan fito tas. Na biyu, tazarar da ke tsakanin hotunan fim daidai take ba ta sauyawa. Na uku, mai kallon fim kallo kawai yake yi, amma mai wasa yana danna maɓalli yana jiran ya ga sakamako nan take, saboda haka duk wani jinkiri a hannunsa yake jin sa.

Lissafin aikin

Hotunan fim an riga an ɗauke su an adana, nunawa kawai ake yi. A wasa kuwa babu wanda ya san inda ɗan wasa zai juya, don haka dole kwamfuta ta zana kowane hoto daga tushe a lokacin da ake buƙatarsa. Idan ana son hotuna 60 a sakan, kowane hoto yana da milisakan 16.7 kacal, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Idan 30 ake so, yana da milisakan 33.3.

Shi kansa hoton tarin ɗige-ɗige ne masu launi. Allon da aka fi yayi a yau yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Idan aka ninka wannan sau 60, za a ga cewa kwamfuta na lissafa launin ɗigo fiye da miliyan 124 a kowane sakan, tana la'akari da haske da inuwa da nisan kowane abu. Duk hoton da bai kammala cikin wa'adinsa ba, allo zai ci gaba da nuna tsohon, wannan kuwa shi ne ɗingishin da ido ke gani. A nan akwai abin lura: kwamfuta na iya nuna cewa tana bayar da hotuna 55 a sakan, amma idan guda daga cikinsu ya ɗauki milisakan 100, mai wasa zai ji cijewar. Saboda haka daidaiton tazara yana da muhimmanci kamar yawan hotunan.

Darasi daga masu mazarƙwaila

Mutanen Maƙarfi da Kudan, inda noman rake ya kafu, ba sa buƙatar dogon bayani game da aikin da ke bi ta hannu da yawa. A wurin yin mazarƙwaila akwai masu sara da ɗauko rake daga gona, akwai filin da ake jibge shi kusa da inji, akwai injin matsa, sannan akwai tukunyar da ake dafa ruwan har ya yi kauri. Yawan mazarƙwailar da za a samu a yini ya dogara ne ga wanda ya fi kowa nawa a cikinsu. Idan tukunya ce ƙarama, ko an sayo sabon inji mai ƙarfin doki goma, ruwan rake zai taru ne kawai yana jira. Idan kuma masu ɗauko rake ne ba sa isowa da wuri, inji da tukunya duk za su zauna zugum.

Haka abin yake a cikin kwamfuta. Faifan ajiya shi ne gona, inda wasan yake kwance gaba ɗayansa. Ma'ajiyar wucin gadi, wadda aka fi sani da RAM, ita ce filin da ake jibge abin da za a yi aiki da shi yanzu. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ce ke lissafa dokokin wasa: inda ƙwallo za ta faɗi, da yadda 'yan wasa 22 za su motsa, da abin da aka danna. Daga nan sai ta miƙa umarni ga katin hoto, wanda shi ne ke zana ɗige-ɗigen nan. Katin hoto na ɗauke da ɗaruruwa ko dubban ƙananan sassan lissafi da ke aiki a lokaci guda, kuma tun daga 1999, lokacin da kamfanin Nvidia ya fitar da GeForce 256, aka fi kiran ƙwaƙwalwarsa da GPU. Duk wanda ya yi nawa cikin waɗannan huɗu, shi ne zai yanke adadin hotunan da za a gani. Aikin mai gyara na farko shi ne ya gano wane ne.

A auna kafin a taɓa

Likita ba ya rubuta magani sai ya auna majiyyaci, kuma kayan awon kwamfuta kyauta ne. A manhajar Windows, idan aka danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani shafi mai suna Task Manager zai buɗe, wanda ke nuna kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin furosesa da RAM da faifai ake amfani da shi, kuma tun 2017 yana nuna na katin hoto. Manhajoji irin su MSI Afterburner da HWiNFO suna ƙarawa da nuna zafin kowane sashe da saurin bugunsa da adadin hotuna, ana cikin wasa.

Ga gwaji mafi sauƙi. A shiga saitin wasan a rage yawan ɗige-ɗige daga 1,920 da 1,080 zuwa 1,280 da 720. Wannan ya mayar da su 921,600, wato ƙasa da rabi. Idan adadin hotuna ya yi sama sosai, katin hoto ne ke nawa. Idan bai motsa ba, to katin ba shi da laifi, sai a juya ga furosesa ko RAM, ko kuma a duba ko an ƙayyade adadin a cikin saiti. A kula da cewa furosesar zamani tana da sassa da yawa, huɗu ko shida ko takwas, kuma wasa na iya cika sashe ɗaya maƙil ya bar sauran, ta yadda jimlar za ta nuna kashi 30 alhali furosesar ce ta gaza.

Gwaji na biyu na lokaci ne. A lura da adadin hotuna a minti biyu na farko, sannan a sake dubawa bayan minti ashirin. Kwamfutar da ƙarfinta ne bai kai ba, tun daga farko za ta nuna. Wadda ta fara lafiya lau sannan ta soma ja da baya, kusan kullum zafi ne ke damun ta, kuma wannan ita ce cutar da ta fi yawa a ƙasarmu.

Zafi da ƙura

Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Furosesa da katin hoto na ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnai da ke buɗewa da rufewa sau biliyoyi a sakan, kuma gwargwadon saurinsu gwargwadon zafin da suke fitarwa. Domin kada su ƙone, masu ƙera su sun sanya musu ma'aunin zafi a ciki. Yawancin furosesoshin Intel suna da iyaka a wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, na AMD da yawa a wajen 95, katunan hoto kuwa sukan soma ja da baya tun daga digiri tamanin da 'yan kai. Da zarar an kai iyakar, sai na'urar ta rage saurin kanta da kanta har ta huce. Wannan dabara ce ta kare kai, kamar yadda manomi ke sassauta noma idan rana ta take.

Hanyar fitar da zafin ta yi kama da ta lagireton mota. Ana ɗora wani ƙarfe na tagulla ko alminiyom mai siraran haƙarƙari a kan furosesa, fanka kuma ta riƙa hura iska ta tsakaninsu. Tun 1701 Isaac Newton ya bayyana cewa saurin hucewar abu ya dogara ne ga bambancin zafinsa da na abin da ke kewaye da shi. Bari mu yi lissafi. Idan iyakar furosesa 95 ce, ɗakin kuma yana kan digiri 22, kamar ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Turai inda kwamfutar ta fara aiki, bambancin 73 ne. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a ƙasar Zazzau yakan haura digiri 35, kuma shago mai rufin kwano marar silin, cike da mutane, yana iya kaiwa 40. A nan bambancin ya koma 55. Ke nan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin sanyayawar ya tafi, tun ba a taɓa komai a jikin na'urar ba.

Sai kuma ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso lallausar ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza ta a ƙasar Hausa. Ga kuma ƙurar hanya da ta sussuka da hayaƙin janareta. Fankar kwamfuta tana zuƙar wannan duka, ƙurar ta haɗu da zaren tufafi ta zama kamar bargo a bakin haƙarƙarin ƙarfen. Abin da ya sa matsalar ke tsananta a bazara shi ne hunturu ya riga ya toshe hanyar iska, sannan zafi ya zo ya tarar da ita a toshe.

Akwai abu na uku da ba a gani daga waje. Tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ana shafa wani mai mai kauri kamar man goge haƙori, domin ya cike ƙananan ramukan da iska za ta maƙale a ciki, kasancewar iska ba ta miƙa zafi da kyau. Bayan shekaru wannan mai yakan bushe ya tsattsage. Kwamfutar hannu da ta yi shekara biyar ko shida a wata ƙasa kafin ta iso Zariya, mai yiwuwa ba a taɓa sabunta mata shi ba.

Maganin duk wannan mai araha ne. A kashe kwamfutar, a zare ta daga wuta, a buɗe, a hure ƙurar da abin hura iska da burushi mai laushi, ana riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Kada a hura da baki, kada a kusanto da ruwa. A lokacin hunturu jikin mutum yakan tara irin lantarkin nan da ke tartsatsi idan an ja bargo da dare, kuma yana iya lalata sassan ciki, saboda haka a taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin a taɓa komai. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara, ya nemi a sabunta man a gabansa. Bayan haka a ɗaga kwamfutar tebur daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango. Kwamfutar cinya kuwa kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma ko matashi, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Ko ɗan katako aka sa aka ɗaga bayanta, za a ga bambanci a ma'auni. Ya kamata a yi wannan shara aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya daga ciki a ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya shigo.

Wutar lantarki

Mutane da yawa na ɗora laifin ɗingishi a kan raunin wuta, kuma a nan akwai buƙatar rarrabewa. Kwamfutar tebur tana da akwatin wuta a cikinta da ke karɓar bolt 230 na soket ya mayar da shi 12 da 5 da 3.3 a daidaice. Idan wutar waje ta yi rauni fiye da abin da zai iya jurewa, kwamfutar takan mutu ne ko ta sake tashi, ba ta cika rage hotuna ba. Sitabilaiza na kare lafiyarta, amma ba ya ƙara mata gudu.

Kwamfutar cinya ta sha bamban. Batirinta ba ya iya bayar da ƙarfin da katin hoto ke nema, saboda haka da zarar an ɗauke wuta sai ta rage saurin kanta, kuma adadin hotuna na iya faɗuwa zuwa rabi. Haka nan idan cajar ba tata ba ce. Kwamfutar wasa na iya buƙatar caja mai wat 150 ko 180 ko fiye, amma a kasuwar kayan hannu a haɗa ta da mai wat 65 saboda bakinsu ɗaya. Kwamfutocin Dell da HP da yawa ma suna tantance cajar ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakinta, idan ba su gane ta ba sai su rage gudu. A duba adadin bolt da amfiya da aka rubuta a ƙarƙashin kwamfutar, a ninka su, abin da ya fito shi ne wat ɗin da take so, sai a gwada da na jikin cajar. A kuma duba saitin wuta na Windows, a tabbatar ba a bar shi a kan tsimin batir ba.

Katin da ke zaune ba aiki

Wani kuskure da ke faruwa a kai a kai shi ne kwamfuta na da katin hoto mai ƙarfi amma ba shi ke aikin ba. Yawancin furosesoshi na da ɗan ƙaramin sashen zane a cikinsu, wanda ya isa rubutu da kallon bidiyo. A kwamfutar tebur, idan aka soka wayar allo a ramin sama da ke jere da ramukan USB, maimakon ramin ƙasa da ke jikin katin, wannan ƙaramin sashe ne zai ɗauki kayan. A kwamfutar cinya mai sassan zane biyu, Windows ce ke zaɓa, kuma takan yi kuskure, sai a shiga saitin allo a umarce ta da ta ba wasan babban katin.

Haka kuma kowane kati na da wata manhaja da ake kira direba, wadda ke tafinta tsakaninsa da wasa. Idan an sake zuba Windows a shago, sau da yawa akan bar katin da direba na gama-gari wanda bai san ƙarfinsa ba. A sauko da na ainihi daga shafin kamfanin da ya ƙera katin, Nvidia ko AMD ko Intel.

RAM da faifai da ɓarayin ɓoye

Idan RAM ta cika, kwamfuta takan koma ajiye abin da ya yi saura a faifai, wanda ya fi ta nawa nesa ba kusa ba, sai a ga hoto ya tsaya cak na ɗan lokaci, musamman idan an shiga sabon wuri a wasan. Wasannin wannan zamani da yawa na neman gigabayit 8 a ƙalla, wasu 16. Ga kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, sanduna biyu na RAM masu gigabayit 4 kowace sun fi sanda ɗaya mai 8, domin hanya biyu ce ta buɗe maimakon ɗaya. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta kimanin megabayit 100 a sakan, na zamani marar juyi da ake kira SSD kuwa yana kai 500 ko fiye. Sauya shi ba ya ƙara adadin hotuna sosai, amma yana rage cijewa da dogon jira.

Sai kuma manhajojin da ke cin ƙarfin na'ura a bayan fage. A nan dole a faɗi gaskiya game da wasannin da ake turawa a filasha ba tare da lasisi ba. A 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya bayyana wata muguwar manhaja da ya kira Crackonosh, wadda aka ɓoye a cikin kwafin sata na wasanni irin su Grand Theft Auto V da Pro Evolution Soccer 2018. Ta kama kwamfutoci fiye da 222,000 a duniya, tana kashe manhajar tsaro, sannan ta sa furosesa haƙar kuɗin intanet na Monero domin amfanin waɗanda suka ƙirƙire ta. Alamar irin wannan ita ce fanka na kuka, kwamfuta ta yi zafi, alhali ba a buɗe komai ba. Mai ita na sayen man janareta, wani can yana kwasar riba.

Daidai ruwa daidai tsaki

Idan an bi duk waɗannan aka tarar katin ne dai ƙarfinsa ya ƙare, akwai sauran dabara. A rage ingancin inuwa da hasken da ke dawowa daga ruwa ko gilashi da cikar 'yan kallo a filin wasa, domin suna cin ƙarfi da yawa kuma mai wasa bai cika lura da su ba. Wasu wasanni na da tsarin FSR, wanda AMD ta fitar a 2021, da ke zana hoto da ɗige-ɗige kaɗan sannan ya faɗaɗa shi, kuma yana aiki har a kan tsofaffin katuna. Idan adadin yana lilo tsakanin 35 da 55, gara a ƙayyade shi a 30, domin tafiya a daidaice ta fi daɗin ido, kuma na'urar za ta rage zafi.

A ƙarshe, kada a haɗa wannan matsala da ta intanet. Idan ana wasa da wani a nesa, 'yan wasa suna tsalle daga wuri zuwa wuri alhali ma'auni na nuna hotuna 60, jinkirin saƙo ne tsakanin kwamfuta da uwar garke, kuma babu katin da zai gyara shi. A kashe intanet a gwada wasan shi kaɗai, nan take za a bambance.

Kammalawa

Tsarin da ya kamata a bi shi ne a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A auna adadin hotuna da zafi, a duba caja da ramin da aka soka wayar allo, a rufe manhajojin da ba a buƙata, a share ƙura, a sabunta man sanyaya da direba, a rage saiti. Sai bayan wannan ne za a yi maganar ƙarin RAM ko SSD, sayen kati ko sabuwar kwamfuta kuwa shi ne na ƙarshe. Kuma a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda ana rubuta sakamakon a takarda, domin wanda ya sauya biyar a tare ba zai san wanne ya yi maganin ba.

Wannan ilmi bai tsaya ga wasa ba. Katin da ke zana filin ƙwallo shi ne ke zana taswirar gini ga ɗalibin injiniya, shi ne kuma ke tace bidiyon biki ga mai ɗaukar hoto a Paki ko Likoro, kuma zafi da ƙurar da ke rage masa gudu a wasa su ne ke rage masa a wurin aiki. Matashin da ya koyi duba ma'auni kafin ya yanke hukunci ya riga ya kama hanyar da masana kimiyya ke bi a ɗakin gwaji, kuma ya sami sana'ar da ake nema a kowane gari da kwamfuta ta shiga.